Sirdin da Ya Cinye Gefe Ɗaya

Mahaifina mai karanta mitar ruwa ne. Shekara ashirin da shida yana bin gida-gida a kan keke, jakar littattafansa rataye a kafaɗa, har mutane suka manta sunansa suka koma ce masa Mai Mita. Karnukan layukan da yake bi ma sun gaji da yi masa haushi. Ba shi da surutu, kuma in ya so ɓoye abu, ko matarsa ba ta jin ƙamshinsa.

Ni tela ce, ni nake ɗinka masa kaya tun ina koyo. Ba ni da saurin yarda, kowa a gidanmu ya shaida. Don haka ranar da ya shigo shagona da yadi ya ce in ɗinka masa riga in ƙara mata faɗi ta baya, sai na ɗauko tef.

"Bar awon nan, Uwata," ya ce. Haka yake kirana. "Ki ƙara yatsa huɗu kawai."

"Baba, ƙiba ka yi?"

"Iska nake so."

Mutumin da ake iya ƙirga ƙasusuwan wuyansa, wai iska. Sai na sa masa ido. Ya daina tuɓe riga in zai wanke keke. Jakar da ya saba ratayawa a dama ta koma hagu. In ya sauko, sai ya dafa bango ya daɗe kafin ya miƙe, in ya ga ana kallonsa ya yi kamar ƙararrawa yake dubawa.

Umma ta san yana ciwon baya, don tafiyarsa ta tona shi. Ta kuma yanke hukunci tun kafin a tambaye ta: ranar da likita ya gan shi, keken nan sai ɗakin ajiya. Shi kuwa aikinsa ba ya yiwuwa a ƙasa, kuma bai san kansa ba sai a kan sirdi. Saboda haka ko an ambaci asibiti sai ya tuna yana da wani layi da bai karanta ba.

Ran nan ya bar keken a wurin mai gyara, tsohon abokinsa, don a canza sarƙa. Na bi sahu. Zargina shi ne bakinsu ɗaya.

"Kawu, me Baba yake ɓoye mana?"

Ya goge hannu da tsumma, ya jawo keken. "Ni ma abin da nake tambaya ke nan. Taɓa nan."

Gefen hagu na sirdin ya cinye har soso ya leƙo. Na dama kuwa kamar jiya aka sa shi.

"Sirdi na uku ke nan cikin shekara biyu," ya ce. "Mutum ba ya cinye gefe ɗaya sai in a karkace yake zama. Akwai abin da yake kaucewa. Na tambaye shi, wai sirdin yanzu ne ba su da ƙarko."

Da na gama rigar, na kai masa ɗakinsa, na tura ƙofa, na ce ba zan fita ba sai ya gwada a gabana. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tuɓe. A ƙarƙashin allon kafaɗarsa ta dama akwai ƙullutu kamar rabin lemo, mai taushi, yana motsi in an danna. Igiyar jaka ce ke gugarsa, shi ya sa ya mayar da ita hagu, ya kuma riƙa karkacewa don kada riga ta nuna shi.

"Na yayana ma haka ya fara," ya ce a hankali. Yayan nasa ƙari ne ya yi ajalinsa.

Tsoro ya kama ni sosai, haushi kuma ya fi shi. Shekara biyu yana ɗauke da wannan shi kaɗai, muna cin abinci tare.

Washegari na kai shi asibiti. Likitar ta danna, ta sa aka ɗauki hoto, ta ce kitse ne ya taru, ba irin na yayansa ba ne. Bayan nasa kuwa, ta ce ba ƙullutun ya lalata shi ba, ɓoyon ne: zaman karkace da jaka a kafaɗa ɗaya. Ta ce kada ya daina keke. A ɗaga masa hannun keken, jaka ta koma kan kariyar bayan keke, ya riƙa miƙe jiki kafin ya hau. Ƙullutun kuma a riƙa aunawa, in ya ƙaru a dawo.

Muna fitowa ya ce, "Yarinyar nan ba lallashina take yi ba kuwa?"

Ni ma ban yarda ba, sai da likita na biyu ya maimaita. Umma kuwa ta ce mun haɗa baki da likitocin duka biyu, har yau ba ta janye ba.

Keken bai shiga ɗakin ajiya ba. Yanzu duk farkon wata Baba yakan jingina shi a ƙofar shagona, ya shigo ya tuɓe riga da kansa. In ɗora tef, in ce, "Bai ƙaru ba."

"Sake aunawa, Uwata. Ke ma ban gama yarda da ke ba."

Sai in sake. Shi kuma bai sani ba, yayin da yake ɓalla maɓallan rigarsa, nakan fita waje in shafa sirdin da babban yatsa, hagu da dama.