Ilu Mai Yasar Rijiya

Shekara talatin da bakwai Bappa Ilu, yayan mahaifina, yana yasar rijiyoyi a ƙasar Sule Tankarkar. Rijiyoyinmu kuwa ba na wasa ba ne, wata ta fi gaba ashirin. Kafin ya shiga, sai ya kunna fitila ya zura da igiya. In ta kai ƙasa da wutarta, ya yi bisimilla ya bi ta. In ta mutu a hanya, ko waye ya aiko, sai ya naɗe igiyarsa ya ce, "Yau ba iska a ciki." Marasa haƙuri sun sha kiransa matsoraci, amma bai taɓa shaƙewa a rami ba.

Bara ƙirji ya kama shi. Ɗansa Habibullah ya ɗauko shi zuwa Gumel saboda kusa da asibiti, ya sa shi a ɗaki mai silin da tagar gilashi. Da likita ya rubuto bayani da Turanci, ni aka miƙa wa, wai ai malamar Turanci ce. Ni kuma da iyayi na tsaya yi masa darasi: kalmar da Bature ke faɗa in hayaƙi ya shaƙe mutum daban, ta maƙure wuya daban, ta ɗakin da iska ba ta shiga daban.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To Hidaya, wacce ce tawa?"

Na ce, "Taka ta huhu ce, Bappa."

Ya ce, "Likita bai duba da kyau ba. Ta ɗakin nan ce. Ku mayar da ni gida."

Habibullah ya ƙi, kuma da gaskiyarsa: in numfashi ya sarƙe a ƙauye, kafin babur ya iso an makara. Na goyi bayansa, wallahi abin yana cina har yanzu.

Kullum da hantsi Bappa kan fito ƙofar gida ya tsare 'yan acaɓan da suka shigo daga ƙauye, yana tambayar wace rijiya ta ƙafe, wa ke shigarta yanzu, ko yana gwada ta tukuna.

Jiya ya tambaye ni ko an samu motar da za ta kai shi. Na ce, "Gobe in sha Allah, Bappa." Wata bakwai ke nan ina ce masa gobe.