Kibiyar da Ke Jikin Taya

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe wata Juma'a ta cikin damina, lokacin da wayar hannu ta fara yawa a Jos. Ina da rumfar faci a Farin Gada, kuma yawancin aikina na manyan motocin kabeji da tumatir ne. Shekarata ashirin a kan taya a lokacin, kaina kuwa ya fi tayar tirela girma.

Da hantsi wani matashin injiniya daga Anguwan Rukuba ya tsaya da wata jar mota 'yar Kwatano, gajera, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ya sa mata manyan rim, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, yana neman tayoyin da za su dace. Tare muka je shago. Ya tsallake na gwanjo, ya duba shekarar da aka buga a jikin kowace, ya zaɓi sababbi huɗu, masu faɗi, gefensu bai fi yatsu uku ba. Na ce, "Oga, wannan ai takalmin gayu ne, ramukan garin nan za su cinye maka rim." Ya yi dariya ya ce a kwana da birki ake sanin amfaninsu, ramuka kuma zai kauce. Ya ce gobe da safe zai kai matarsa da jaririyarsu Abuja.

Da muka dawo rumfa ya durƙusa ya nuna mini wani abu a gefen tayar, yana magana da irin Hausarsa ta 'yan Jos.

"Baba, ka ga kibiyan nan? Dole ya bi yadda taya yake juyawa, shi ne yake kore ruwa."

Ko kallo ban yi ba. Na ce, "Oga, kana wandon makaranta nake wannan aikin. Je ka yi wa madam cefane."

Wallahi tayoyin sun ba ni wuya. Gefensu tauri kamar katako, ga rim mai sheƙi, sai da na naɗe bakin ƙarafuna da tsumma don kada na karce shi. Na jera rim huɗu a ƙasa, na sa wa kowanne taya fuska ɗaya, yadda na saba tun ina koyo. Na ba su iska, na ɗaura. Ya dawo ya zagaya yana duba ko na yi karce, bai samu ba, ya yaba ya tafi.

Bayan mun sauko daga masallaci aka ɗan yi yayyafi, na zo zan janye jak ɗina, sai idona ya faɗa kan sawun motar a lakar da ke ƙarƙashin rumfa. Zanen dama ya yi tsini ta nan, na hagu ya yi tsini ta can. Na sake dubawa. Tunda fuska ɗaya na sa su, biyu na gefe guda juyawar baya suke yi, maimakon su kore ruwa sai su tara shi a ƙarƙashinsu.

Na zauna a benci. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ce in yi shiru, wa zai sani? Kunya ce ta kama ni, ni da na kori mutum cefane. Amma Hawan Kibo na hanyar Abuja ya tsaya mini a rai, gangaren nan mai kwana-kwana, da ruwan safe, da jaririya a kujerar baya.

Ba ni da lambarsa. Na rufe rumfa, na ɗaura jak da ƙarafa da famfon iska a bayan acaɓa, muka shiga Anguwan Rukuba muna tambayar gidan mai jar mota. Wata mai tuyar ƙosai ce ta nuna mana.

Da ya fito na ce, "Oga, abin da ka nuna mini ban duba ba. Biyu na juye."

Ya durƙusa ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Na shirya shan faɗa. Sai ya ce, "Baba, ni ma fenti na tsaya dubawa." Ya tuɓe riga ya riƙe mini sufana. Muka cire tayoyin daga rim muka juya su, matarsa na zaune a baranda da 'yar a cinya, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Ranar Litinin ya biyo ta rumfa. Ya ce ruwa ya tare su a tsakiyar gangaren, har ba a ganin gaba, wata babbar mota ta tsaya cak a kwana, ya taka birki motar ta tsaya a miƙe. "Yarinya ko farkawa bai yi ba," in ji shi.

Na juya baya kamar ina neman guduma, don idona ya cika.

Tun ranar, duk wanda ya durƙusa zai nuna mini abu a jikin motarsa, ko jiya ya koyi tuƙi, nakan rufe bakina in durƙusa tare da shi.