Marin da Gwaggo Ta Yi wa Tsohuwa

Ni na haɗa fitinar nan, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

Gwaggona, ƙanwar babanmu, 'yar fim ce. Amma da rubutu ta fara. Tun tana budurwa a ƙauyenmu na gefen dam ɗin Watari take cika littattafan makarantar 'yan gida da labarai. Babanmu ya ce ya taɓa shan bulala shida, don malam ya buɗe littafinsa na lissafi ya tarar da wani saurayi yana kuka a bakin rijiya. Da ta yi aure a Ungogo aka buga mata littafi uku, har ana karantawa a rediyo. Mijin ya rasu, ta koma sayar da atamfa a ɗaki. Wata rana masu fim suka sayi labarinta, ta je kallon aiki, ta ga wadda aka ba wa muguwar mace tana masifa kamar mai jin barci. Ta ce, "Matsa in nuna miki." Shi ke nan. Daga ranar ba ta sake fitowa a mutuniyar kirki ba.

Kakarmu, wadda ta haife ta, ba ta taɓa kallon fim ko ɗaya ba. Abin da ta sani kawai, 'yarta tana "aikin hoto" a birni, kuma duk sallah tana aiko da zani.

Ni kuwa a aji uku na sakandare ni da boko muka rabu lafiya, na kafa teburin cajin waya da tura finafinai a kasuwar Bagwai. Wata la'asar na dawo na tarar da Kaka a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Da ma muna wasan jika da kaka, ita ta ce min maigida, ni in ce mata amarya.

Na ce, "Amarya, zo ki ga 'yarki a bakin aiki."

Tsautsayi ya sa na danna daidai inda Gwaggo ta ɗaga hannu ta wanke wata tsohuwa mai sanda da mari. Tas! Tsohuwa ta zube.

Kaka ta ajiye ƙwaryar. "Mayar baya."

Na mayar. Tas!

"Sake."

Sau huɗu Gwaggo tana marin matar nan a hannuna.

"Kai, kullum haka take mata?"

"Amarya, wasa ne fa. Surukarta ce a fim."

"Wasa? Ga ɗankwalin baiwar Allah can a ƙasa kana ce min wasa? Ba ta da 'ya'yan da za su tsaya mata ne?"

Ranar Kaka ta yanke hukunci: wadda ta mari furfura ba za ta sake taka mata zaure ba.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Gwaggo ta gama shirin sabuwar sana'a. Duk rani tumatirin Watari yana ruɓewa a kwanduna don ba mai saye, ita kuma tana so ta riƙa shanya shi ta yi kauɗa mai tsafta, ta zuba a leda ta kai birni. Filin Kaka na bayan gida take so, kuma ta rantse ba za ta kafa ko itace ɗaya ba sai Kaka ta sa mata albarka da bakinta. Ta kira waya, Kaka ta ce ba ta nan, kuma da kanta ta faɗa a cikin wayar. Ta aiko da atamfa, aka mayar. Liman ya zo ya yi bayani, Kaka ta ce, "Malam, ka gani da idonka? To ni sau huɗu na gani."

Sai Gwaggo ta kira ni. "Kai, ɗan banza mai caji! Fim ɗina nawa a wayarka, ba ka ga wanda na raba wa marayu abinci ba?"

"Gwaggo, ai a wancan guba kika zuba musu."

Ta ja tsaki. Na ce ni dai shawarata, ta kawo tsohuwar cikin fim ɗin, Kaka ta gan ta da ranta.

Ranar Laraba da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Gwaggo ta tsaya a waje tunda an hana ta zaure. Wata Hajiya ta shigo, ga haƙorin Makka, ga tabarau, tana taunar cingam. Wallahi ba ta kai Gwaggo shekaru ba.

Kaka ta ce, "Ina tsohuwar?"

"Ni ce, Inna."

Kaka ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Waccan ta mutu ke nan, shi ne aka kawo min 'yarta a rufe min baki?"

Hajiya ta roƙi aron ɗaki. Ta ce in kawo mata toka, kwalli, da tsohon zanin Kaka. Bayan ɗan lokaci sai ga tsohuwar cikin waya ta fito, a duƙe, tana dogara sandar Kaka, baki yana rawa. Kaka ta miƙe da sauri ta shimfiɗa mata tabarma. "Sannu, Yaya. Ya kuncin?"

Da kyar aka samu ta yarda Gwaggo ta shigo a nuna mata yadda ake yi. Maƙwabta sun cika katanga. Gwaggo ta ce hannu ba ya taɓa fuska, ta gefe yake wucewa, ƙarar kuma daga baya ake sa ta. Aka tsayar da ni a bayan rumbu a matsayin mai ƙara. Gwaggo ta kai hannu, na tafa, Hajiya ta zube. Kaka ta zagaya ta shafa kuncin, ba zafi, sai toka.

"Sake."

Aka sake. Wannan karon na makara, Hajiya ta riga ta kwanta sannan aka ji tas. Katanga ta ɗauki dariya.

Kaka ta gyara ɗaurin zani. "To na gane. Bari in gwada. Maigida, zo nan."

Na zo ina washe baki, na miƙa kunci kamar gwani. Wallahi wuta na gani. Kunnena ya kama kiran sallah ba lokacinta ba.

"Amarya! Ai hannu ba ya taɓawa!"

"Ni na iya fim ne? Wannan na wata biyun da ka raba ni da 'yata ne."

Sai ta juya wajen Gwaggo, wadda ta durƙusa tana hawaye. Kaka ta tsaya tana kallonta.

"Wannan kukan na gaske ne, ko shi ma na hoto?"

"Na gaske ne, Inna."

Kaka ta sunkuya ta shinshina fuskarta ko akwai albasa. Da ba ta ji ba, sai ta dafa mata kai. "Allah ya yi miki albarka, ke da tumatirinki. Je ki kafa rumfarki. Amma ki gaya wa masu hoton, wannan Yayar ta daku haka nan, a nemo wata."

Yanzu mata goma sha suna yanka tumatir a bayan gidanmu, Kaka ce mai duba shanya da korar kaji. Ni kuma in zan nuna mata fim, nesa nake tsayawa in miƙo wayar.