Matar da ta hana ni rufe fuska

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin dama koko jikata Nana ta miƙo mini talho, wai in duba abin da aka sa a gurup ɗin tsofaffin ma'aikatan lafiya. Madan Zainabu ta rasu.

Ba ma wannan ba, wai tun jiya da la'asar aka kai ta.

Ina nan Maradi, mota ɗaya ce tsakanina da Dakoro, amma cikin ƴaƴa da jikoki an rasa mutum guda da zai kira ni. Na buga wa babban ɗanta, ya ce in yi haƙuri, ita ta bar wasiyya kada a tado kowa daga nesa, a rufe ta da wuri, kowa ya zauna ya yi abin da ke gabansa. To kun ji ta. Har ranar mutuwarta sai da ta tsara mini inda zan zauna.

Ban san ko kuka nake ba ko haushi. Ina jin duka biyun ne.

Ku yaran yanzu da kuke ganin kamar daga korona aka fara annoba, bari in gaya muku yadda na san matar nan.

Ƙasa ba ta daɗe da samun ƴancin kai ba, ni kuwa ina budurwa a gidanmu a Dakoro, agana ta shigo gari. Wanda ta kama sai a kai shi bukka bayan gari, a riƙa aje mishi abinci daga nesa. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, wasu sun dawo babu ido. Ni na dawo da idanuna, amma fuskar da na tafi da ita ba ita na dawo da ita ba. Zanzana ta cinye goshi da kumatu da hanci, ko'ina ramuka.

Ranar da na shigo gida, gwaggona ta ɗaga ido ta gan ni, sai ta yi salati irin wanda ake yi in an ga gawa. Daga nan na shige ɗakin innata na ja tabarmar ƙofa. Damina ta zo ta wuce ina ciki. In ba dole ba ban fita, in ma zan fita sai na lulluɓe kai da zane kamar amarya.

Da kaka sai ga ekip ta ma'aikatan lafiya daga Maradi: lokotoro guda, wato likita, majo babban malamin asibiti, direba, da mace ɗaya. Suna yi wa mutane lamba ta rigakafi, suna kuma bincike kan ɓarnar da cutar ta yi. Binciken nasu na duban fuska ne. A kalli mutum, in akwai zanzana a tambaye shi wace shekara ta kama shi, su nawa ta kama a gidan, wa ya rasa ido, wa ya rasu. Da haka ake gane ta inda ta bi da inda ba ta kai ba tukuna. Maza ba su shiga gidajen mutane, don haka cikin gida aikin macen ne. Ita ce Madan Zainabu.

Innata ta tarbe ta, ta ce ai Dije ta tafi Mai Yara wurin dangi. Madan ba ta musa ba. Ta ce to madalla, ita ma ta gaji, bari ta ɗan huta. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa daidai bakin ƙofar ɗakin da nake ciki, ta ɗauki ƙwaryar gyaɗar innata ta kama ɓara.

Jama'a, matar nan tun hantsi take zaune. Ta ba da labarin Maradi, ta ba da na kishin ruwan da suka sha a hanya, ta tambayi innata yadda ake miyar yakuwa a gidanmu, ta ce ba haka ake yi ba. Aka kira azahar, ta yi salla a wurin, ta koma kan gyaɗa. Ni kuma da safe na sha kunu kwano guda. Fitsari ya matse ni har ina ganin duhu-duhu.

Abin da ya fiddo ni ke nan, ba wa'azi ba, ba lallashi ba.

Ina dawowa daga bayan ɗaki ta tare hanya. Ta sauke mayafinta, na ga tata fuskar ta fi tawa lalacewa, girar hagu ma babu ita. Ashe tun tana ƙarama ta yi tata aganar. Ta ce in ɗaga kai, ba kallona ta zo yi ba, aiki take. Ta kama haɓata ta juya dama ta juya hagu, ta buɗe mini ido da yatsa, kamar mai tayin akuya ranar kasuwar Dakoro. Sannan ta sake ni.

"Ido biyu lafiya lau. To ke kukan mi kike?"

Na tsani matar nan a ranar, Allah ya sani.

Kafin la'asar ta riga ta samu babana a zaure. Ta ce mishi agana ba ta kama mutum sau biyu, ita kaɗai ce cikin ekip ke iya shiga wurin masu ciwo ba fargaba, tana neman ta biyu, ga ta kuwa a gidansa tana zaman banza. Suka gama maganarsu, ba wanda ya tambaye ni.

Haka na fara bin su. Mai Yara, Korahane, tungaye, rijiyoyin makiyaya. Ina da wani mayafi baƙi da nake jawowa in rufe hanci da kumatu. Muna shiga mota sai ta miƙo hannu ta zare shi, ta ninke, ta zauna a kai. Ɗankwali dai ta bar mini. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci, na kai ƙara wurin majo. Majo ya ce shi ma tsoronta yake ji. Ita kuwa cewa take ba za a yi ta shiga gidan mutane tana cewa su buɗe fuskar ƴaƴansu ba, alhali ta bayanta a ƙunshe take kamar goro.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wata tunga ce gaba da Korahane, an tsegunta mana akwai yarinya mai ciwo an ɓoye. Uwar ta rantse ba kowa. Tsoronta kada a ɗauke ɗiyar a kai bayan gari ta mutu ita kaɗai. Madan ta yi mata bayani ba ɗaukar ta za a yi ba, a gida za a bar ta, waɗanda ke kewaye da ita kawai za a yi wa lamba. Matar ba ta ma sauraren ta. Ni take kallo, tun daga goshi har haɓa.

Can ta ɗaga asabarin wata bukka. Yarinyar na kwance, ƙuraje sun rufe ta, ko ido ba ta iya buɗewa. Uwar ta nuna ni da baki, ta tambayi Madan a hankali: "Haka ɗiyata za ta zama?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jira Madan ta ce a'a, ko ta ce sai yadda Allah ya yi, irin maganar da mai hankali ke yi.

Ta ce: "In ta yi sa'a."

Uwar ta sake kallona, wannan karon wani irin kallo. Ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da yarinyar. Ranar kowa a tungar ya miƙa hannu aka yi mishi lamba, matar da kanta ta raka mu wasu gidajen da ake ɓoyo. Yarinyar ta tashi, ta rasa ido ɗaya.

Ni dai a mota fushi nake da Madan. Ta mai da ni abin nuni, ta faɗi magana a kaina kamar ba na wurin. Ita kuwa ƙuli-ƙulinta take ci, har da miƙo mini. Shekara da shekaru ina jiran ta ce Dije yi haƙuri da abin da na yi miki a Korahane. Ba ta taɓa cewa ba.

Alherinta ma da faɗa yake zuwa. Za ta jefo mini man kaɗe a cinya ta ce in shafa, fuskata ta bushe kamar ganda. Ita ta koya mini karatu, da ranƙwashi. Ita ta tura ni koyon aikin ungozoma, da na ce ina tsoro ta ce wadda ta kwana da agana wane tsoro ya rage mata. Da na yi haihuwar fari ta bar aikinta ta zo ta zauna da ni, tana dafa ruwan wanka tana zagin yadda nake riƙe jariri.

Maganar aurena ma sai da ta sa baki. Marigayi Malam Idi, tela ne a bakin kasuwa, ya aiko yana son zuwa zance. Na ji daɗi, don zance da magariba ake yi, duhu ya fara rufa wa mutum asiri. Madan ta aika mishi ya zo da rana tsaka ko ya bari. Wai ya ga kayansa da kyau, kada gobe ya ce an cuce shi. Bawan Allah ya zo rana na dukan ƙeya, yana ta gumi, ni ina tsaye ba mayafi, ita tana zaune gefe da mafici. Bai fasa ba. Amma ku gaya mini, wa ke yi wa budurwa haka?

Da aka ce agana ta ƙare a duniya, na zaci zan huta. Ina! Sai ta sake salo. Wai yanzu likitocin da ke tasowa ba su taɓa ganin cutar ba, mu ne shaidar da ta rage. Duk ɗalibin da ya zo gaishe ta sai ta aiko mini shi Maradi, ya zo ya kalli fuskata ya ji labari. Ina zaune da surukaina sai in ji sallama, wai Madan ta ce a zo a gan ni. Ni abin kallo ce?

Gaskiyar da ban taɓa faɗa a fili ba: har na tsufa ban so fuskar nan ba. Na saba da ita, na yi aiki da ita, na yi aure da ita, amma so dai ban so ta ba. In ana ɗaukar foto wurin biki, baya nake komawa.

Bayan sallar layya da ta wuce na je Dakoro gaishe ta. Kafin nan Nana ta ɗauke ni foto wurin wani suna, ta sa mishi abin nan nasu, filta. Fuska ta fito sumul kamar ƙwai. Wallahi na daɗe ina kallo. Na ga matar da da ita zan zama in da agana ba ta biyo ta gidanmu ba. Na sa aka ɗora shi a shafin nan, ku da kanku kun yi ta rubuto mini masha Allah.

Na tarar da Madan ta rame, tana kwance kan gado a rumfa, amma bakin nan yana nan. Ta ce na yi ƙiba, ta ce tsarabata ba ta da yawa. Muka yi dariya. Sai rawar kai ta ɗebe ni na ciro talho na nuna mata.

Ta kai shi daf da ido ta daɗe tana dubawa. Ta tambaya wace ce. Na ce haba Madan, ni ce mana. Ta miƙo mini abina.

"Wagga ban san ta ba. Ni wadda na fiddo daga ɗaki na sani."

Ta juya fuska bango. Na ce foto ne fa kawai, kowa na yi. Na ce shekara nawa ina biye miki, sau ɗaya ba za ki bar ni in ji daɗi ba? An kawo tuwo na ce na ƙoshi, na ɗauki jakata. Ina bakin zaure na ji tana ce wa jikarta a bi ni da tuwon a kwano, ta san halina, yunwa za ta kama ni a tasha. Na karɓa, don gaskiya ta faɗa. Na ce a gaya mata sai na dawo.

Ganinmu na ƙarshe ke nan. Kuma har yanzu ina ganin ba ta kyauta ba. Tsohuwa da tsohuwa, mi zai rage ta da shi in ta ce Dije kin yi kyau?

Ɗazu da kukan ya lafa, na wanke fuska na fito tsakar gida, na ce wa Nana ta ɗauke ni, kada ta taɓa komai. Ta tsaya tana cewa Kaka ko in ɗan gyara haske. Na ce in ta gyara ko ƙwayar rami ɗaya sai na saɓa mata. Na sa ta cire wancan ta ɗora wannan.

Shi ne kuke gani a ƙasa. Ni ce Dije, haka nake. Ban so shi ba, ba na jin zan so shi. Ta ci ni, kamar kullum, kuma ba ta nan balle in yi mata tsiya.

Ya Allah, ga baiwarka Zainabu ta zo gare ka. Ta shiga bukkokin da kowa ke gudu, ta taɓa waɗanda uwayensu ma ke tsoron taɓawa. Ka yafe mata kaifin bakinta, ni na yafe, har da na Korahane. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka fuskarta ranar da fuskoki ke haske, ka ba ƴaƴanta haƙuri.

Ku kuma masu karantawa, don Allah kada wanda ya rubuto mini kin yi kyau. Wadda nake son ji daga bakinta ta tafi ba ta faɗa ba. In kun kalli fuskar nan, ku karanta wa Madan Zainabu Ƙulhuwallahu, ku sa ta cikin addu'arku.