Ranar da Aka Sa Mahaifiyata Ta Faɗi Sunana

Shekarata goma sha ɗaya muka baro Zariya. Babana maɗinki ne, ya riga mu zuwa Yawunde da shekara biyu. Da ya samu shago a unguwar Briketeri sai ya aiko muka taho, ni da mahaifiyata da ƙanwata.

Kwanakin farko ban ji komai ba, ba kewar gida, ba murna. Kallo kawai nake yi. Ruwa yana sauka kusan kullum, jar ƙasa ta manne wa silifa har su yi nauyi. Garin duk hawa da gangara ne. Burodinsu dogo ne kamar muciya, a tsaga shi a zuba wake a ciki. Tsire kuwa soya suke ce masa. Hausa ake yi a layinmu, amma da an zo ƙirga sai a koma Faransanci. Wata mai ƙosai ta taɓa ce mini "ka zo", na waiwaya ina neman namijin da take kira.

Ni ce 'yar fari, don haka mahaifiyata ba ta faɗin sunana. "Ke" take ce mini, idan kuma da wani take magana ta ce "waccan". Ba ta riƙe hannuna a hanya, ba ta yabona a gaban mutane. A ɗakin kakata na tashi, na ji ana ce wa mahaifiyata Anti, ni ma na ɗauka. Ban taɓa ganin wani abu a ciki ba. Duk 'yan farin unguwarmu haka suke.

Ranar Juma'a za a rufe ɗaukar ɗalibai, Baba kuma ya tafi Duwala ɗauko yadi, sai bayan mako zai dawo. Idan aka rufe, zan zauna gida shekara guda. Shi ya sa ranar Alhamis Anti ta yafa mayafi muka tafi da maƙwabciyarmu, wadda muke kira Gwaggo. A Yawunde aka haife ta, kakanninta ne suka zo daga Kano, kuma tana jin Faransanci.

A ƙofar makarantar na ga iyaye mata suna sumbatar 'ya'yansu a kunci, dama da hagu, har manyan yara. Na sunkuyar da kai kamar ni aka kama. Anti tana gaba riƙe da hannun ƙanwata, ni ina baya da ledar takardu.

Shugabar makarantar doguwa ce, 'yar kudu, tabaranta a rataye da igiya a wuya. Ta juya takardar haihuwata, wadda aka rubuta da Turancin Ingilishi, ta ajiye. Ta dubi Anti ta yi tambaya, Gwaggo ta amsa da sunana. Shugabar ta ɗaga hannu ta sake magana.

"Ta ce ba ni ta tambaya ba," in ji Gwaggo. "Wai uwar ta faɗa."

Anti ta gyara mayafinta.

Fanka tana juyawa a sama, tana ɗaga gefen wata kalanda. Shugabar ta nuna ƙanwata, Anti ta faɗi sunanta nan take, har da shekarunta. Sannan shugabar ta nuna ni. Anti ta sunkuyar da kai.

Sai shugabar ta juyo gare ni ta tambaya, ta bakin Gwaggo, me nake kiran wannan matar.

"Anti," na ce.

Wannan kalmar ba ta nemi a fassara mata ba. Ta cire hannunta daga kan takardar, ta yi magana mai tsawo a hankali, ba faɗa. Gwaggo ta ce wai ta sha ganin ana kawo yara mata daga nesa su yi aikatau, a ce 'ya'yan gida ne. Wai ta lura wa aka riƙe wa hannu, wa kuma ya ɗauko kaya. Ba za ta rubuta ni ba sai ta tabbatar.

Gwaggo ta yi ta bayani, hannuwanta suna yawo. Na tsinci kalmar Hausa da Najeriya a ciki. Shugabar ta girgiza kai. Wai tana da ɗalibai Hausawa da yawa, kuma iyayensu mata suna tsayawa a bakin ƙofa su ƙwala musu kira da sunansu.

Gwaggo ta juyo. "Ke Bazazzagiya, nan fa ba Zariya ba ce. Ni nawa na farin da cikakken sunansa nake zaginsa, safe da yamma, kuma ga shi nan ya yi gemu. Faɗi mu tafi, na bar wake a wuta."

"Yaya, ki ce mata ubanta zai zo," in ji Anti.

"Yaushe? Gobe za su rufe. Ki bar yarinya ta zauna tana tankaɗe miki gari shekara guda, saboda kunyar wa? Surukarki tana nan ne?"

Ni dai ina kallon ƙafar Anti. Babban yatsanta yana shiga cikin takalmi yana fita. Lallen da aka sa mata kafin mu taho ya koɗe, saura a farce kawai.

Ta ɗaga kai ta dubi bango, can saman kan shugabar, ta faɗa. Sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Ta ja wasalin ƙarshe yadda ba wanda yake jansa, kamar mai karanta sunan magani a jikin kwalba.

"Na'am," na ce. Ban yi niyya ba, bakina ne ya amsa.

Shugabar ta dube ni, ta dubi Anti, wadda ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sa tabarau ta buɗe babban littafi. Aji biyu aka mayar da ni baya saboda Faransanci.

Na zaci zan ji wani abu. Na jira shi a ofishin, na jira shi a hanya. Abin da na lura da shi kawai, gumi ya jiƙa bayan rigar Anti, ga shi kuma garin da sanyi.

A gangaren layinmu Gwaggo ta shige gidanta da sauri. Anti ta tsaya tana kankare laka daga takalminta a jikin dutse. Ba ta dube ni ba ta ce, "Idan kakarki ta kira waya, ban da wannan zancen."

Na ce to.

Ran Litinin na fara zuwa. Benci na ƙarshe aka ba ni, kusa da taga.