Ƙarfen da Baba Ya Zaɓa wa Kibod Ɗinsa

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da Asabar ɗin da na raka mahaifina kasuwa sayen ƙarfen ɗora kibod ba. Baba shi ne makaɗin cocinmu a Lugbe tun ina ƙarama. Kibod biyu yake kaɗawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma kullum a tsaye, don a cewarsa mai jagorantar yabo ba ya zama. A lokacin bai daɗe da tashi daga jinyar hawan jini ba, duk mun ɗauka ya warke sarai.

Da safe ya ce mini, "Uwata, ɗauko mota. Ƙarfen nan na coci ya fara rawa, sabo nake so."

Muka shiga wani shagon kayan kiɗa a Wuse. Mai shagon ya fara fito da mai ƙafa biyu a gicciye, marar nauyi, wanda ake naɗewa a rataya a kafaɗa. Baba ya ɗan tura shi da hannu, ya ga ya yi lilo, ya girgiza kai. Aka kawo wani, shi ma hawansa na sama yana sunkuyawa idan an danna. Na lura ko sau ɗaya Baba bai ce a ɗora kibod a gwada ba. Tafukan hannunsa yake dafawa, ya saki nauyin jikinsa a kai.

"Oga, ai kibod ba ta kai wannan nauyin ba," in ji mai shagon yana dariya.

"Na sani," Baba ya ce a hankali.

Sai idona ya sauka ƙasa. Ƙafarsa ta hagu tana karkarwa cikin wando, takalmin kuma jan sa yake yi. Mai shagon ma ya gani, dariyarsa ta ɗauke. Ya shiga ciki ya jawo wani mai ƙafa huɗu kamar tebur, mai kaurin ƙarfe, ya durƙusa ya ɗaɗɗaure kusoshinsa da kansa. Ya ce, "Baba, wannan ko mutum ya jingina ba zai motsa ba." Har yau ina sa mutumin nan a addu'a saboda yadda ya rufa wa tsoho asiri.

A mota na kasa tayar da inji. Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Idonsa na kan titi ya ce, "Kada ki gaya wa mamanki tukuna. In mutanen coci suka sani za su kawo mini kujera, daga kujera kuma sai gida. Ina so in kaɗa a bikin godiyar girbi a tsaye, sannan in sauka da bakina."

Na ce na yarda, amma da sharaɗin ranar Litinin mu je asibiti. Muka je, likita ya canja masa magani, ya ce da mun ƙara jinkiri da abin ya yi muni.

Ranar godiyar, coci ta cika maƙil, an tara doya da buhunan masara a gaban bagadi. Ana tsakiyar waƙa na ga ƙafar ta saki. Baba ya faɗa da gwiwar hannunsa ta hagu a gefen hawan ƙasa, hannun dama kuwa bai bar kibod ta sama ba. Ƙarfen ko gezau. Jama'a suna ta waƙa, ba wanda ya lura. Sai na ji Mama ta damƙe hannuna, hawaye na bin fuskarta. Ashe ta daɗe da sani, ita ma shiru ta yi masa.

Bayan an tashi, Baba ya je wajen fasto da kansa ya ce ya sauka. Ya ƙara wasu shekaru tare da mu kafin Ubangiji ya kira shi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, babba ba ya cika faɗin rauninsa kai tsaye, yakan ɓoye shi cikin wata ƙaramar buƙata. Wanda ya gane, sai ya tallafa masa ba tare da ya zubar masa da mutunci ba.