Tutiya a Hannun Malam Tsaf

Maigidana, wanda ma'aikata ke kira Malam Tsaf, ya tsufa yana farautar abin da ido ba ya gani. A kamfanin da ke cika tukwanen gas na masana'antu yake. Aikinsa ya bi da gas ta cikin wani ruwa a kwalba, ya ba na'ura, ita kuma ta faɗi ko da ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Mutumin da ke ɗaga cokalina ya duba a haske kafin ya ci abinci! Na sha haushi har na gaji.

Shi ya samo wa ƙanena aikin wanke tukwanen. To, ana nan sai na'ura ta fara nuna tutiya, wani irin ƙarfe, a duk tukunyar da aka auna. Malam bai yi wata-wata ba, ya ce laifin masu wanki ne. Manaja ya ce in mako ya ƙare ba a gyara ba, ƙanena ya nemi wani aikin.

Na ce, "Haba Malam, yaron nan iyali gare shi."

Ya ce, "Na'ura ba ta san suruki ba."

Wallahi ranar tuwonsa ma da ƙyar na tuƙa.

Lokacin 'yarmu na gida da jaririnta mai fama da kurajen ɗuwawu. Kullum da safe Malam ke shafa masa mai da kansa, wai mu ba mu iya ba. Ran nan yana shafawa ya juya gwangwanin, da yake komai sai ya karanta. Sai na ga ya dubi yatsunsa. Man nan kusan rabinsa tutiya ne, ga shi maƙale a ƙarƙashin faratansa, kuma da yatsun nan yake jawo safar hannu kafin ya taɓa kwalabe.

Na ce, "Ashe ɓarawon a gida yake kwana."

Ya je ya auna ruwan zalla, ba gas, tutiya ta fito. Da ƙafarsa ya shiga ofishin manaja ya faɗa, alhali da ya wanke hannu ya yi shiru, ba mai sani.

Ƙanena na nan bakin aikinsa. Malam kuwa an mai da shi sito, yana ɗaura wa tukwane lamba. Na yi niyyar yi masa dariya har shekara, amma da na ga ya ninke farar rigar aikinsa ya sa a ƙasan akwati, sai na kasa.